Sobolon da Ya Kwana a Ganga

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a falon yayata a unguwar Nima ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai mutum shida da ba za su bari ba. Shekarata hamsin da uku a lokacin, ashirin da takwas daga ciki na yi su ina koyar da Turanci a makarantar gwamnati, kuma ban taɓa sa giya a bakina ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san daga inda na faɗo.

A layinmu ba a kirana da sunana, Ticha ake ce min. Duk takardar da ta shigo gidajen nan da Turanci ni take nema: wasiƙar mai gida, takardar asibiti, sammaci, saƙon ɗan da ya tafi Turai ya manta Hausa. Sai in zauna, in gyara murya, in karanta, in fassara, in ƙara da sharhin da ba wanda ya tambaye ni. Mutane su tashi suna cewa, "Ticha ya duba." Maganar nan ta fi min albashi daɗi.

Abin da nake ɓoyewa shi ne, kusan shekara biyu ke nan ƙananan haruffa suka daina yi min biyayya. Manya ina ganinsu sarai. Ƙanana kuwa sai su taru su zama layin tururuwa. Na je an auna min ido a unguwar Maamobi, an ba ni tabarau, na sa a gaban madubi sau ɗaya, na ga fuskar tsohon hedimastanmu tana harara ta, na cire na cusa a aljihu. Daga nan na ƙirƙiro dabara: in karanta manyan haruffa, in haɗa da abin da na sani na duniya, in cike sauran da kakkausar murya. (Za ku yi mamakin yawan takardun da ke karantuwa ta haka. Ofisoshi ba su da sabon zance.) In takarda ta yi tsanani sai in ce a bar min ita in yi nazari, in shiga ɗaki, in kulle ƙofa, in sa tabarau kamar mai shan taba a ɓoye.

Yayata Hajiya Rabi tana sayar da zoborodo da tsamiya da citta da kanumfari a kasuwar Nima. Sobolon da take haɗawa kuwa (zobo, in ji 'yan uwanmu na Najeriya) ya yi suna, har ana cewa suna ko biki ba su cika ba in ba a ga jarkokinta a bakin ƙofa ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Samira, ma'aikaciyar jinya. Samira ta samu wanda take so, Nuhu, mai shagon kayan mota a unguwar Abossey Okai, mutum mai hankali da ladabi. Matsalar tana gidansu. Gidan malamai ne a Sabon Zongo, kuma labari ya iso mana cewa suna ɗari-ɗari da mu: yarinya mai aikin kwana a asibiti, gidan da babban namijinsa ke sa kwat yana ɗaura lakataya a wuya. An ce wata gwaggon Nuhu ta kira mu gidan 'yan boko. Wata takwas Nuhu ya yi yana lallashi kafin manyansa su yarda su zo gaisuwa. Dukkanmu mun san ba goro kawai za su kawo ba. Ido za su kawo, kuma abin da idon ya gani shi zai yanke maganar auren.

Dangin uban Samira suna can Nijar, don haka ni aka ɗora wa karɓar baƙi. Ana gobe za su zo Samira ta same ni ta ce, "Kawu, don Allah don Annabi, gobe kada ka yi musu lacca."

Na ce, "Ni? Gaisuwa kawai zan amsa."

To, akwai wani mai sayen kayan Hajiya, saurayi mai gemu daga wajen unguwar Osu, wanda kan ɗauki zoborodo da tsamiya buhu-buhu. Ba ta taɓa tambayarsa me yake yi da su ba. Wa zai tambayi mai sayen zoborodo me zai yi da shi? Ƙarshen shekara ya aiko direbansa da kyautar kwalabe biyu, ya ce a gaya wa Hajiya daga kayanta aka yi. Manyan kwalabe ne masu duhu, an tsoma bakinsu a jan kaki, a jiki kuma an zana furen zoborodo da kwanson tsamiya, zane mai kyau kamar na littafin kimiyya. Hajiya ta juya su ta ce sobolon masu kuɗi ne, ba na sha a tsaye ba. Ta ajiye su a kabet tsakanin kwanukan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, ta ce sai ranar da ta isa.

Ranar ta isa bayan la'asar. Baƙi huɗu suka shigo. Jagoransu Malam Garba, baffan Nuhu, dattijo siriri mai farin rawani wanda ke magana a hankali kamar yana auna kowace kalma a sikeli. Gefensa Baba Sajan, ƙanin kakar Nuhu, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya, ƙato mai murya kamar ganga. Sauran biyun 'yan rakiya ne, aikinsu gyaɗa kai. Hajiya da Samira suna bayan labulen ƙofar ɗaki, inda al'ada ta ce ba sa ji, kuma inda ake jin komai.

An yi gaisuwa, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an sake tambayar gida. Ina amsawa gajere-gajere, ina jin daɗin kaina. Sai hannun Hajiya ya ɓullo ta ƙasan labule da tire: kofunan gilashi biyar da kwalba ɗaya, tana ta zufa daga firji.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Auta, duba min rubutun nan tukun." (Shekara hamsin da uku, amma a wurinta Auta nake.)

Na ɗauki kwalbar. Manyan haruffa suna nan: wani suna na ƙawa, sai sunan zoborodo da na tsamiya da Turanci. A ƙarƙashinsu tururuwa, layi biyar ko shida. Tabarau yana aljihuna, ina jin tudunsa a ƙirji. Ido takwas suna kaina. Waɗannan mutane sun zo ganin gidan 'yan boko, kuma ga babban ɗan bokon gidan an miƙa masa karatu. Na miƙa hannu da kwalbar can nesa, na ɗan karkatar da kai, na bi layukan da yatsa ina motsa leɓe.

Na ce, "Sobolo ne, Yaya. Na zamani. An yi bayanin komai a nan."

Ina so a yi min adalci a wuri ɗaya. Duk ilimina game da giya daga allunan talla na bakin titi na samo shi: ruwan ɗorawa ce, tana da farin kumfa, tana zuwa da mutane masu dariya haƙora waje. Littattafai kuma sun ce min tana da ɗaci. Abin da ya zubo daga kwalbar nan, bayan na gama kokawa da kaki da wuƙar yanka albasa, ja ne wur, ja mai zurfi irin na sobolon Hajiya in ta ji daɗin kasuwa. Ya yi ɗan kumfa ruwan hoda, kumfan ya kwanta nan take. Ba wanda ya taɓa gaya min cewa akwai masu zama a wani ɗan ƙaramin shago a cikin garin nan suna zuba 'ya'yan itace a giya, su rufe ta a ganga, su jira ta yi tsami da gangan.

A gidajenmu ba a miƙa wa baƙo abin sha sai mai gida ya fara kurɓa a gabansa. Na zuba a kofina, na yi bisimilla da ƙarfi don a ji, na kurɓa.

Tsami ne ya fara zuwa, ya kama min muƙamuƙi ta gefe biyu kamar ɗanyen mangwaro. Kafin in yamutsa fuska sai ga zoborodo ya biyo baya, ga tsamiya can ƙasa-ƙasa, sannan wani abu busasshe mai ƙamshin itace, kamar an tauna sabon asuwaki a cikin tsohon kabet. Ba sukari ko kaɗan. Ya wuce ya bar harshena a wanke, yana neman ƙari. Ina rubuta wannan ina istigfari, amma na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya: ya yi min daɗi.

Na sake kurɓa. A nan ne alkawarin da na yi wa Samira ya fita ta taga.

Na ce, "Malam, kun ga wannan? Wannan shi ne bambancin aikin ilimi da aikin gado. Mu muna cika sukari har sai mun kashe ɗanɗanon ganyen. Su kuwa sun bar tsamin ya yi magana da kansa." Na ɗaga kofin wajen hasken taga kamar mai duba jini a asibiti. Na yi bayanin amfanin tsami ga hanta. Na taɓo tarihin zoborodo daga bakin kogin Nilu, wanda ban san daga ina na samo shi ba. Na ce ƙamshin itacen nan alama ce ta an tace shi da kyau. 'Yan rakiya suna gyaɗa kai. Na kurɓa na uku, babba, na ji wani ɗumi mai ladabi yana saukowa ƙirjina, na ɗauka citta ce.

Sannan na rufe da abin da har gobe ake tuna min. Na ce, "Ba don Hajiya tana ji ba, da na ce ya fi nata."

Labule ya motsa. Ban kula ba. Na cika kofuna huɗu, na miƙa wa Malam Garba nasa da hannu biyu, na miƙa wa Baba Sajan. Malam ya karɓa, ya yi godiya, ya ɗaga.

Baba Sajan bai kai nasa baki ba. A hanci ya tsaya. Na ga gashin girarsa ya haɗe. Ya sake shinshinawa, sai ya miƙa ƙaton hannunsa ya rufe bakin kofin Malam, kamar yadda ake tsayar da mota.

"Malam, ajiye."

Malam ya ajiye.

"Ticha," in ji Baba Sajan, "wannan abu giya ne."

(Giya ce ya kamata ya ce. A karo na farko a rayuwata na ji kuskure ban gyara ba.)

Na yi 'yar dariya irin ta malamin da ɗalibi ya kawo masa amsar banza. Na ce, "Haba Baba, giya ja? Ga furen zoborodo a jiki."

"Ei, Ticha! Shekara talatin ina kan titi ina shinshina bakin direba. Na ji na masu kuɗi, na ji na talaka, na ji wanda aka tauna citta a kai don a ɓoye. Hancin nan gwamnati ta biya shi fansho. Giya ne paa, ba shakka. Mai tsada ma."

 Daga bayan labule na ji Samira ta ce "Innalillahi" da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Wata takwas na lallashin Nuhu suna cikin kofuna huɗun nan, kuma ni na zuba su.

Malam Garba bai ɗaga murya ba. Ya dubi kofin, ya dubi kwalbar, ya dube ni.

Ya ce, "Malam Ticha, tambaya ɗaya gare ni. Mun ga ka karanta rubutun nan a gabanmu, har da yatsa. Ka karanta, ko ba ka karanta ba?"

Na sha yi wa ɗalibai irin wannan tambaya, wadda kowace ƙofa ka bi akwai bulala a bayanta, amma ban taɓa sanin haka take daga ciki ba. In na ce na karanta, to na san giya ce na miƙa wa malami da hannu biyu a ranar neman aure, kuma gwaggon Nuhu ta yi gaskiya, har ta rage. In na ce ban karanta ba, to Ticha ya ƙare a layin nan. Na yi ta neman ƙofa ta uku. Na yi tunanin in ce kamfanin ne ya yi kuskuren liƙa takarda. Na yi tunanin in ce Turancin wata ƙasa ne. Har na buɗe baki. Sai na ji numfashin yarinyar nan a bayan labule, tana ƙoƙarin kada kukanta ya fito.

Na sa hannu a aljihu na zaro tabarau. Takardar farashi tana nan liƙe a ƙafarsa. Na sa.

Duniya ta dawo da kaifinta, har da fuskokin da ban so gani ba. Tururuwa suka tsaya cak suka zama kalmomi. Na karanta da ƙarfi, ina fassarawa layi-layi, don tunda za a yanka ni gara in riƙe wuƙar da kaina: giya mai tsami, an haɗa ta da zoborodo da tsamiya, ta yi shekara guda da rabi a cikin gangar itace. Ga adadin abin sa maye a rubuce. A ƙasa an ce ba a sayar wa yara, kuma a sha da hankali.

Na ce, "Ban karanta ba, Malam. Shekara biyu ke nan ba na ganin ƙananan rubutu. Kunya ce ta hana ni sa wannan. Hajiya ba ta san komai ba, kyauta aka ba ta, kuma ta ce in duba. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Sai muryar Hajiya ta fasa labule, al'ada ko ba al'ada ba: "Shekara biyu? Auta! To maganin hawan jinin nan da ka ce biyu safe biyu dare fa?"

"Mma, ni na sake dubawa," in ji Samira, da kuka da dariya a haɗe. "Duk wanda Kawu ya karanta ina sake dubawa. Tun bara na gane. Yana riƙe takarda can nesa kamar tana wari."

Wato asirin da nake kulle ƙofa a kansa, ana biye da ni a baya ana share shi.

Baba Sajan ya ce, "Kurɓa nawa ka yi?"

Na ce, "Uku."

"Na ƙarshen nan kurɓa biyu ne a haɗe, na gani. Tashi. Bi layin tabarman nan zuwa ƙofa, ƙafa a gaban ƙafa. Hannu a buɗe."

Na dubi Malam ko zai cece ni. Malam yana duban silin. Na tashi, da babbar rigata ta sallah da sabon tabarau mai takardar farashi, na buɗe hannuwa kamar zakaran da aka jiƙa, na bi bakin tabarma zuwa ƙofa na dawo. A juyowa na ɗan yi tangaɗi. Rantsuwa zan iya yi tabarau ne, ban saba da shi ba, amma ba wanda ya nemi bayani.

"Yoo," in ji Baba Sajan. "Zai iya tuƙi. Amma ba da fasinja ba."

Ɗaya daga cikin 'yan rakiya ya fashe. Malam Garba ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Da ya nutsu sai ya laluba aljihu ya fito da nasa tabarau, mai kauri kamar gindin kwalba, an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Ya ɗora a hanci ya dube ni ta sama.

Ya ce, "Wanda ya sha bai sani ba, ba a kama shi. Wannan mai sauƙi ne, je ka kurkure baki. Mai nauyin shi ne ka ce ka duba alhali ba ka duba ba, mutane kuma suna dogara da kai. Amma na ba ka hanyar ka sake yin ƙarya, ka ƙi bi, alhali gaskiyar ta fi ciwo. An ce mana mu zo mu ga gida. Mun gani." Ya juya wajen labule. "Hajiya, a kwashe wannan. In akwai na hannunki, shi muka ji labari tun daga Sabon Zongo."

Aka kwashe. Na je na kurkure baki har sai da dasashina ya yi zafi. Da na dawo an buɗe ƙullin goro, jarkar Hajiya tana bakin labule, Malam yana kofi na biyu. Ni ba a zuba min ba. Da na miƙa kofi, hannun Hajiya ya janye jarkar ta ƙasan labule.

"Kai ai ka samu wanda ya fi nawa."

Bayan baƙi sun tafi Hajiya ta tuttular da kwalaben biyu a kwata da kanta, tana toshe hanci, ta kuma aika wa saurayin Osu godiya tare da roƙon kada ya sake yi mata kyauta. Maganar giya ta yafe min a ranar. Maganar "ya fi nata" kuwa sai da aka ɗaura aure, wata huɗu cur, kafin sobolonta ya sake shiga bakina. A bikin an raba wa kowa aiki. Ni aka ba ni jera kujeru, kuma Baba Sajan ya sa aka jera su nesa da inda ake raba abin sha.

Na daɗe ina zaton wanda bai taɓa kusantar abu ba shi ya fi kowa tsira daga gare shi. Ashe a falon nan ni ne na fi kowa rashin sanin kamanninsa, kuma ni na fi kowa bayani a kansa. Yanzu in aka miƙo min abin da ban sani ba, ina cewa ban sani ba. Na gwada sau da yawa. Ba ya kisa, amma kada wani ya ruɗe ku, ba shi da daɗi ko kaɗan.